Ni Ne Na Ce "Mun Samu"

Assalamu alaikum. Saƙon murya na turo don ban yi boko ba. Ku rubuta shi, amma kada ku saki muryar, ita ta jawo mini wannan. Mai zagi ya bari in kai ƙarshe.

Da ni masunci ne. Rikici ya koro ni daga bakin tafki, na iso wani ƙauye kusa da Gashua da mata da yara, ba ko tabarma. Wani dattijo, zan kira shi Baba, ya yanka mini gefen fadamarsa, ya koya mini noman shinkafa da tattasai. Shi ne shugaban ƙungiyar manoman ƙauyen.

Da aka cire tallafin mai, injin ban-ruwa ya gagare mu. Kullum rediyo na cewa a yi haƙuri, gwamnati ta yi tsari, taki da inji mai aiki da hasken rana suna hanya. Haƙuri ake zuba wa inji ya tashi? Shinkafata ta bushe ina kallo.

Ran kasuwar Nguru na kai ɗan tattasai, wani jami'i ya tare ni ya ja ni wani fili. An kafa rumfuna, an jera buhunan taki, manya na zaune. Ya ce, "Ka gaya wa 'yan rediyo ƙungiyar ƙauyenku ta karɓi nata. Mun samu, shi ke nan. Inji ɗaya naka ne." Na ce ai ba mu samu ba. Ya yi dariya ya ce, "Malam, za ku samu da kun samu duk ɗaya ne a wurin gwamnati." Na tuna gonata, na faɗa. Manya na tashi aka mayar da buhunan cikin mota a gabana. Injin kuwa, jami'in ya ce in dawo jibi. Na koma har na gaji, wayarsa ma ta daina shiga.

Rediyo ya saki maganar da sunan ƙauyenmu, ba sunana. Jama'a suka cika ƙofar Baba suna tambayar takinsu. Ya rantse bai ga ko mudu ba. Wani ya ce, "To rediyo ne zai yi maka ƙarya?" Ina tsaye a cikinsu, ban fito na ce ni ne ba. Ni ba mai magana ba ne, shi ya sa ba wanda ya gane muryata. Yanzu yara na kiransa Baba Mun Samu. Mutumin da ba ya rasa sahun gaba ya koma salla a gida. Ran Juma'a za a zauna gaban bulama, wato mai gari, suna so ya sayar da fadamarsa ya biya takin da bai taɓa gani ba.

Jiya na same shi a gona, na ce, "Baba, mai maganar nan ta rediyo..." Ya ce, "Bari, ɗana. Muryar da ke gaishe ni kowace safiya ce zan kasa ganewa? Ni ɗan gari ne, ko sun karɓe gona ba za su kore ni ba. Kai baƙo ne. Ina za ka kai yaran?" Ya ci gaba da cire ciyawa.

Na ga mutuwa a tafki ban yi kuka ba, jiya na yi. Waɗanda suka ari bakina suka ci albasa suna can ofis, ba su san sunana ba, ba su san na Baba ba. Idan na yi magana ran Juma'a, za a kore ni, in sake ɗaukar yara in bi hanya. Idan na yi shiru, a kan idona za a sayar da fadamar da ta ciyar da ni. Me zan yi?