Wasiƙar Benedita a kan shuɗiyar takarda

Litinin, 3 ga Yuli
Benedita ta iso daga Lisbon a motar ƙarfe huɗu. Ko jaka ba ta ajiye ba ta ce, "Kaka, zan ƙara fanni." Ilimin halittu take karantawa, shekara biyu ke nan. Yanzu tana son ɗora ilimin halayyar ɗan Adam a kai, ƙaramin fanni, a cikin digirin nan ɗaya. Fanni biyu! Jikata. Ni da na fara haɗa baƙaƙe ina da shekara arba'in da ɗaya, a ajin yamma, hannuna duk kanta saboda gatarin ɓare ɓawon itace. Na kasa zama. Sau biyu na share tsakar gida.

Laraba, 5 ga Yuli
Ta ba ni takardar sharuɗɗan, na karanta sau uku. Matsakaicin maki sha huɗu cikin ashirin, nata ya haura da ɗan kaɗan. Sai an ci darasin ƙididdiga, ta ci, a karo na biyu dai. Darussa biyar a shekara ta uku. Gurbi sha biyar kacal, masu nema sun fi arba'in. Sannan wasiƙa, ka faɗi dalilin da ya sa kake so. Ta ce a nan ake rabuwa, don kusan kowa na da makin. Juma'a 14 ake rufewa.

Alhamis, 6 ga Yuli
Na faɗa a shagon kofi. Custódio, wanda muka yi shekara talatin muna hawa itace tare, ya ce, "To, Abílio, an samu mai duba maka kai kyauta. An daɗe ana jira." Na ce da nasa kan za ta fara, in ta sami abin dubawa a ciki.

Asabar, 8 ga Yuli
Na tono shuɗiyar takarda mai layi ashirin da biyar daga ƙasan akwati. A kanta Malama Graciete ta ajin yamma ta koya mana rubuta wa hukuma. Benedita ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kaka, tun ba a haife ni ba aka daina wannan!" Na ce wasiƙar da ba ta da rubutun hannu ba ta da fuska. Ta duba, ta ga sa hannu kawai suka nema, ba su ce sai an buga ba. Ta ce in kwafe wasiƙar da ta rubuta, in rubutun ya yi kyau ta ɗauki hotonsa ta tura. Na sayi sabon biro.

Lahadi, 9 ga Yuli
Na zauna kwafa bayan coci. Farkon ya yi daɗi. Sai na zo tsakiya.

Ta rubuta labarin Deolinda. Matata. Wai kakarta tana tambayar abu ɗaya sau biyar kafin azahar. Wai a bikin Ista ta ƙulle burodi da zaitun da cuku a ƙyalle ta kama hanyar daji za ta kai mini abincin rana, ni da na ajiye gatari shekara goma sha biyu. Wai a ajinsu ta ga ƙwaƙwalwa a cikin kwalba, amma ba wanda ya gaya mata yadda ake zama da mai ita.

Deolinda gajiya ce kawai. Shekara saba'in da shida. Kuma a ce wasu malamai a Lisbon suna karanta sirrin ɗakina suna shan kofi?

Na tsallake wurin. Dama layi ashirin da biyar ne, bai ishe shi ba. Na haɗa sama da ƙasa, ya zauna sumul.

Talata, 11 ga Yuli
Ta gane. Tana tsaye a ƙofar kicin da takardar.
"Kaka, ina tsakiyar?"
"Takarda ce ta ƙare."
"Akwai guda tara a akwatinka, na gani."
Na ce abin gida na gida ne. Ta ce in an cire wannan me ya rage, "ina sha'awar fannin tun ina ƙarama", abin da mutum arba'in za su rubuta. Na ce ke da na goya a wuya za ki koya mini? Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Matarka ce kafin ta zama kakata. In ba ka yarda ba, wannan guntun zan tura." Ta ajiye a kan tebur ta fita.

Laraba, 12 ga Yuli
Ban je shagon kofi ba. Na gyara ƙofar kaji da ba ta lalace ba.

Alhamis, 13 ga Yuli
Muna ɓare wake a inuwa ni da Deolinda. Benedita tana shanya. Deolinda ta daɗe tana kallonta, sai ta matso kusa da kunnena don kada yarinyar ta ji. "Abílio, 'yar wa ce wannan? Tana da hankali. A ba ta abinci kafin ta tafi."

Na ce to.

Na ci gaba da ɓare waken. Benedita ta ji, na san ta ji, don ta daɗe a bayan zanen gadon nan.

Juma'a, 14 ga Yuli
Takarda biyu ta ci. Na yi kuskure a layi na sha takwas, na sake daga farko. Ban cire ko kalma ɗaya ba. Wuri ɗaya na gyara, ba cuku ba ne a ƙyallen, tsiran alade ne, ni na kwance shi.

Ta tura da ƙarfe sha ɗaya da kwata. Sai Satumba za a ji. Ta sumbace ni a sanƙo, ta ce rubutuna ya fi na shugaban sashensu. Wannan kam gaskiya ne.

Da rana na biya ta asibitin ƙauye, na tambayi ranar da likita ke zuwa. Laraba. Saboda gwiwata ne, ta daɗe tana damuna. Na ce su rubuta suna biyu, tunda dai ba zan bar ta ita kaɗai a gida ba.