Ƙafar Katako a Bakin Tafki

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da 'yan biyu. Ya ciwon bayan nan? Ina fata ka daina ɗaukar janareto kai kaɗai. Ni ƙalau nake, sai dai rana ta ƙara mini baƙi, in ka gan ni sai ka tambayi 'yar wace ce.

Na san ka ga jaridar da ta jera wurare shida da mutum zai kai iyalinsa yawon buɗe ido ba tare da ya yi nisa da birni ba. Gandun dajinmu ne na biyu, har da hoton zaki ya buɗe baki. Tun daga ranar, duk Asabar motoci ke cika ƙofarmu. Matsalar ɗaya ce: rabon gandun nan da zaki shekara tara, tun da babban titi ya raba mu da dajin arewa. Abin da muke da shi barewa ce da gwanki da gadu da birai, da kadoji a tafki, da tsuntsaye sama da iri ɗari biyu da na rubuta da hannuna. Ni a wurina sun isa a shiga mota dominsu.

Manaja bai ga haka ba. Ya sa kafinta ya sassaƙa masa ƙafar zaki ta katako, mai mariƙi kamar taɓarya. Da safe kafin a buɗe ƙofa, direbanmu Dogo ke zuwa ya danna ta a lakar bakin tafki. Mu 'yan ja-gora kuma aikinmu mu tsayar da mota a nan, mu rage murya, mu ce yanzun nan ya sha ruwa ya wuce.

Yaya, ko ƙaryar ma ba su iya ba. Kafintan ya ga ƙafar ba ta da ban tsoro, sai ya ƙara mata farata huɗu zaƙo-zaƙo. Ka tuna Baba yana nuna mana sawun kyanwa a tsakar gida, yana cewa ita da zaki duk janye farce suke yi in suna tafiya? Ga shi kuma ƙafa ɗaya aka sassaƙa, ta dama. Zakin Manaja dai ƙafafunsa huɗu duk na dama ne.

Na gaya masa ba zan tsaya da baƙi a wurin ba. Ya tambaye ni ko na manta wanda ya kawo ni aikin nan. Ban manta ba, shi ya sa nake so ka fara ji daga bakina.

Ka gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, saƙonka ya iso ta hannun mai kawo mana gas. Na gode da man shafawar da Anti ta haɗo, ka ce mata na gane abin da take nufi.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Ka ce Manaja abokinka ne tun makaranta, ka ce sau biyu ka taka har gidansa kafin ya ɗauke ni, ka ce sawu a laka bai taɓa cutar da kowa ba. Na farko da na biyu gaskiya ne, kuma ba ranar da zan daina gode maka. Na ukun ne zan ba ka labari a kai.

Baƙi sun ɗauki hoton sawun sun watsa a waya, har ya kai ga makiyayan da ke bayan shingenmu na yamma. A makon jiya saniyarsu ta mutu a bakin rafi. Ciwo ne ya kashe ta, na ga mushen, amma samarinsu suka ce zakin gandu ne ya fara fitowa. Suka barbaɗa wa naman guba suka bar masa. Zaki bai zo ba, tunda babu shi. Ungulaye ne suka zo. Na ƙirga goma sha huɗu a ƙasa, da dila biyu, da mikiya ɗaya da na shekara uku ina bin sheƙarta da madubin hangen nesa. Ni da Dogo muka haƙa rami muka binne su. Har muka gama bai ɗaga ido ya dube ni ba.

Na kai wa Manaja rahoto a rubuce. Ya ce ungulu ba ta cikin abin da mutane ke zuwa gani, ya jefa takardar a aljihun tebur.

Ranar Asabar aka ba ni motar 'yan makarantar mata da malamarsu. Ban ce a tsaya a tafki ba, amma Dogo ya taka birki don sabo. Malamar ta leƙa ta ga sawun, ta tambaye ni a gaban yara talatin ko na zaki ne. Na ce mata, "Malama, wannan sawun katako ne. A gandun nan babu zaki." Yaran suka yi ta dariya. Daga nan na kai su inda gauraki ke rawa, muka yi kusan awa ba wadda ta tambayi zaki.

Kafin la'asar takardar dakatarwa ta same ni. Ranar Laraba zan tsaya gaban kwamiti. Na san Manaja zai kira ka, kuma na san za ka ji kunya. Wannan kaɗai ke damuna a cikin lamarin, amma ba zai sa in janye ba.

Ka shafa mini kan 'yan biyu.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ka da fatan alheri, kai da iyali. Na ji an ce ciwon bayan ya sake tashi. Ina roƙon Allah ya ba ka sauƙi, ya sa kuma ba ni ce sila ba.

Ga yadda aka yi. Ranar Talata Dogo ya same ni a bayan ɗakin ajiya, ya miƙo mini ƙafar a cikin buhu, ya ce shi mai 'ya'ya biyar ne, iyakar abin da zai iya ke nan. Na saɓa ta na tafi wurin makiyayan. Na sa aka zuba ruwa a ƙasa, na danna ta a gabansu sau huɗu. Wani dattijo da ke zaune a kan turmi ya ce tun ranar da aka nuna masa hoton ya gaya wa yaran nan zaki ba ya yawo da farce a waje, suka ce ya tsufa, su a waya suka gani. Ya sa aka kawo sauran gubar aka ba ni a leda. Ɗaya daga cikin samarin ya raka ni har shinge.

A gaban kwamiti Manaja ya ce na ɗauki kayan ofis ba izini. Shugabar kwamitin ta ce a faɗi sunan kayan don sakatare ya rubuta. Manaja ya yi ta gyara hula. Daga ƙarshe ya ce a bar wannan, laifina shi ne ɓata sunan gandu a gaban baƙi. A kan haka suka yanke: in rubuta takardar ban haƙuri in koma aiki, ko in ajiye rigarsu ranar Juma'a. Sun ce za a daina danna sawun, amma ba su rubuta ba, hoton zaki kuma yana nan a allon ƙofa.

Na ga takardar ban haƙurin da ka rubuta a madadina, ka bar mini wurin sa hannu. Rubutunka ya yi kyau, kuma na san ka yi ne don kada in rasa abin yi. Amma a layi na uku ka ce na yi kuskure da na ce babu zaki. Yaya, babu zaki. In na sa hannu, gobe wata saniya ta mutu, me zan je in gaya wa dattijon nan?

Ga takardarka nan na dawo maka da ita yadda ta zo. Ina son aikin nan fiye da yadda ka sani. Na san kowace hanya a dajin, na san bishiyar da birai ke kwana, kuma ban san abin da zan yi a birni ba. Duk da haka ranar Juma'a zan miƙa riga da hula, in hau motar ƙarfe biyu.

Akwatina ɗaya ne da kwalin littattafan tsuntsaye. In har yanzu ɗakin baya nawa ne, ka ce wa Anti kada ta wahalar da kanta, ni zan share. In kuma fushin bai sauka ba, ka aiko mini kafin in hau mota, zan sauka gidan Gwaggo, in zo gaishe ka da safe ko ka amsa ko ba ka amsa ba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Auta