Ba Zinariya Nafisa Take Haƙa Ba

Zuwa ga ɗana Haruna, a Kamlin.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar addini, ina fatan kai da iyalinka kuna lafiya, ruwa kuma yana isa hawasharka, gonarka ta ban-ruwa. Da gangan na sa wasiƙar nan a dandalin 'yan garinmu na waya. A gaban jama'a ka yi maganarka, a gabansu za ka ji tawa.

Ranar Alhamis za a ba 'yarka Nafisa shahadar digiri na biyu a Kurwatiya. Kwana uku ke nan bakina ya ƙi rufuwa, har dabino na raba a ƙofar masallaci. Ina cikin wannan murna ta gaya mini wata huɗu ke nan ba ka ɗauki wayarta ba.

Lokacin da ta samu gurbin karatu, kunnenka Kuwait ya ji, ka bi gida gida kana shela. Da aka gyara maka cewa Kurwatiya ce, can Turai a bakin teku, kuma aikin na haƙa ne, sai ka ɗauka zinariya ce, irin ta samarinmu masu tafiya daji da na'urar nemanta. Nan ma dariya kake. Sai da wani mai shayi ya ce 'yar Haruna tana tone kaburburan kafirai, shi ke nan ka tashi a taron suna ka ce ba ka da 'ya.

Ka tambaye ta? Ni na tambaya, domin ni ma abin ya tsaya mini a rai. Ta ce inda take aiki hanya za a shimfiɗa. Kafin motar haƙa ta iso, sai su riga ta, su kwashe ƙasa da ɗan cokali da buroshi, su ɗauke ƙasusuwan da ladabi, su rubuta inda kowa ya kwanta. Mutanen sun fi shekara dubu a ƙasa. Kakannin Kurwatawa ne, su ma zuwa suka yi daga wata ƙasa suka zauna. A kabarin mace a samu 'yan kunne, a na namiji wuƙa ko ƙarfen zungurar doki. Na farko da tukunya ake binne su, na baya da suka karɓi addinin Nasara suka bar tukunyar. Da irin waɗannan ake gane yaushe suka zo, da yadda suka zama 'yan ƙasa.

To kai, ina kabarin Inna, uwar da ta haife ni? Kana tsaye ranar da tarakta ta bi ta kan tsohuwar maƙabartarmu ta kufai, kudu da Abu Hujar, aka shuka riɗi a kai. Ba wanda ya zo da cokali ko buroshi. Ni da kai muka yi shiru kamar an ɗinke mana baki. Yau ko da yatsa ba zan iya nuna maka wurin ba. Wanne ne cin mutuncin mamaci, Haruna, wannan ko na Nafisa?

Ka kuma tuna ofishin nan na Sinnar, da ka raka ni neman takardar ɗan ƙasa. Mutumin bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Ku Fallata, jiya kuka zo." Haka suke kiran irinmu da asalinmu ya fito daga yamma. Kakana a ƙasar nan aka binne shi, amma ba ni da abin nunawa. Na dangwala yatsa a tawada na fito. Wannan kunyar ce ta kai ni ajin yaƙi da jahilci da furfurata, ina zaune a kan bencin da ƙafafuna ba sa shiga ƙarƙashinsa.

Shekaranjiya Nafisa ta aiko mini hoton wani dutse daga tsohuwar majami'ar Kurwatawa, an sassaƙa masa zane mai sarƙa, igiya ta bi ta kan igiya, sak dagin da ke gaban babbar rigata. A jiki akwai sunan sarkinsu. Na ce mata, amaryata, ko masu ɗinkinmu ne suka je can? Ta yi dariya ta ce a'a, kowa da nasa. Sannan ta ce in ta dawo kufanmu za ta fara dubawa. Daga nan ta turo bangon littafin da ta rubuta. Harshensu ban iya ba, amma na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya har na haɗa su da kaina. Bayan sunanta, naka ne a wurin. Ba ta cire shi ba.

Na san ba mugu ba ne kai. Kai ne ka goya ta a keke zuwa makaranta shekara shida, ko ana ruwa. Bakin mutane kake tsoro, kuma a wurina ka gaje shi. Ni na yi shirun nan sau biyu, har yau yana ci na. Kada ka yi na uku.

Ta ce za ta kira ka ranar Alhamis da hantsi, kafin ta shiga zauren. Ba ta neman komai sai ka ce Allah ya yi albarka.

Allah ya sanyaya zuciyarka, ya jiƙan Inna a inda take kwance, wurin da Shi kaɗai ya sani yanzu, ya dawo mana da Nafisa lafiya.

Ka yi cajin wayarka tun Laraba.

Mahaifinka, da hannunsa ya rubuta,
Bello, Abu Hujar