Kujerar Gefen Gado

Goggo,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki?

A asibitinmu an mayar da ni aiki ɗakin waɗanda likita ya gama nasa a kansu. Wallahi Goggo, allura da ƙarin ruwa ba sa ba ni tsoro, tambaya ce ke kashe mini jiki. Akwai wani tsohon kafinta a gadon bakin taga. Jiya da hantsi ya riƙo hannuna ya ce, "'Yata, in kira ɗana ya taho, ko da sauran lokaci?" Na san kwanakinsa ƙidayayyu ne. Sai na kama gyaran robar ruwan da ba abin da ya same ta, na ce, "Haba Baba, ai sauƙi na nan tafe." Ya yi murmushi, ya ce to yaro ya ci gaba da aikinsa.

Shekara talatin kika yi kina aikin jinya. Me ake cewa?

Taki,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa sai haƙuri.

Ke dai Allah ya shirye ki! Mai irin wannan tambayar ya riga ya san amsa, abokin zama yake nema. Ki daina tsayuwa a kansa kamar mai jiran mota. Ki jawo kujera ki zauna, ki ce, "Baba, kira shi yau." Shi ke nan.

Ban taɓa gaya miki ba. Ranar da mahaifinki ya ce a ɗauko ki daga makaranta, ni na ce masa ba sauri, alhali ni nake auna jininsa safe da yamma. Tsoro ne kawai. Shi ya sa kika tarar an riga an kai shi. Har yau abin na cina.

Kada ki bari ya kwana. Allah ya yi miki albarka.

Goggonki

Goggo,

Ina gaisuwa.

Wasiƙarki ta iso ranar Talata. Kafinta ya cika ranar Litinin. Ɗan ya zo daga baya, har yana yi mini godiya, wai tsohon ya ce nas ta kwantar masa da hankali.

An kwantar da wata mata a gadon. Na ajiye kujera a gefenta.

Maganar mahaifina kuwa, yanzu ba ni da bakin zarginki. Amma ba zan iya zuwa gida a hutun nan ba.

Auta