Kabewar da ta Haura Katanga

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki da yaran duka, da fatan takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Allah ya raya muku zuri'a, ya sa albarka a aikinku, ya jiƙan mahaifiyarki da sauran waɗanda suka riga mu. Ni ma ina nan da sauƙi. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, idon hagu ya ɗan ƙara dushewa, likita kuma ya canja mini ƙwayar safe zuwa wata 'yar fara da ba ta sa jiri. Ƙanenki ya leƙo sau ɗaya a watan jiya, ya gyara famfon banɗaki, ya sha shayi a tsaye ya tafi. Saƙonki cewa ba za ku samu zuwa a hutun nan ba ya iso, na kuma fahimta. Na san za ki ce me ya hana in faɗi duk wannan a waya. A waya kunnena yana kama rabi ya saki rabi. Kuma wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana tantance wasiƙun mutane a gidan waya, ai ba laifi in ya ƙara tasa guda a buhun.

Maganar kabewa ce ta zaunar da ni rubutu. Za ki tuna ranar da 'yarki, amaryata, ta ƙwace wayar daga hannunki ta ce ita ba ta taɓa ganin kabewa a jikin uwarta ba, sai dai a kanti, a yanke, an naɗe ta da leda. Na yi mata alkawari in sun zo hutu za ta tarar da guda a bayan gida, tata ta kanta, ita za ta tsinka. Yayanta Sarkin Ci ya yi ihu daga nesa wai shi biyu yake so, na ce to. Ki karanta musu abin da ke ƙasa yadda kika ga ya dace, domin alkawarin bai cika yadda na faɗa ba.

Irin da na shuka na mahaifiyarki ne. Kin san 'yar ƙasar nan da ke tsakanin ƙofar kicin da katanga, inda siminti ya ƙare. Kowace shekara a nan take shuka kabewarta mai dogon wuya, koriya mai ratsin fari, wadda ba na ganin irinta a kanti. A wurin mahaifiyarta ta samo ta. In ta nuna sai ta zaɓi mafi kyau, ta shanya 'ya'yan a kan tsohuwar jarida a bakin taga, ta zuba a gwangwanin shayi mai jan marfi. Shekara biyu ban buɗe gwangwanin ba. Da na buɗe, danshi ya riga ni. Ƙwaya tara kawai na tsinta masu lafiya, kuma duka taran na binne ban rage ko ɗaya ba. Wannan shi ne kuskurena na fari. Huɗu suka fito, dodon koɗi ya cinye uku, saura ɗaya. Na kewaye ta da toka, na kifa mata tsohon kwando, ta rayu.

Da ta samu kanta kuwa sai ta yi yaɗo kamar ana koro ta. Ta rufe ƙasar, ta bi igiyar shanya, ta kama katanga, reshe ɗaya ya haura zuwa gidan maƙwabta. Sai furanni suka fara, rawaya, manya, su buɗe da safe su rufe kafin rana ta take. A nan na yi kuskure na biyu. Shekara arba'in ina cin kabewar nan, amma ban taɓa durƙusawa na dubi furenta ba. Aikina shi ne in zauna a kujera da jarida, mahaifiyarki ta wuce da bokiti in ce sannu. Wata safiya na sa tabarau na duba, sai na ga yawancin furannin suna tsaye a kan siririn kara, tsaf da su, amma wasu suna da wani kumburi a ƙarƙashi kamar ƙwan tantabara. Na tuna a makaranta malamin aikin gona ya koya mana cewa kumburi a jikin shuka gidan tsutsa ne, a cire shi tun bai yaɗu ba. Sai na ɗauko reza. Kullum da safe nakan fita da sandata, in nemi masu kumburi, in yanke, in jefa a shara. Har a bayan kalanda nake rubutawa. Goma sha ɗaya na cire cikin mako uku, ina ta mamakin shuka mai lafiya haka ba ta ba da ko ɗa ɗaya ba.

Maƙwabtan nan ba ki san su ba, bayan rasuwar suka tare. Matar ungozoma ce a asibiti, mijin direban babbar mota ne, ba ya zama. Suna da tagwaye mata, shekararsu takwas, ɗaya mai wushirya, ɗaya mai yawan shiru. Tsakanina da su sai gaisuwa ta kan katanga. Ran nan ungozomar ta hau kujera tana kwashe shanya, ta hango ni da reza a hannu da fure a ƙasa. Ta yi salati ta tambaye ni me nake yi. Na ce magani. Ta sa na miƙa mata furen a kan sanda, ta juya shi, ta yi dariya har sai da ta riƙe katanga. Ta ce wai Baba, 'ya'ya nawa aka haifa maka a gidan nan, har yau ba ka gane mai ciki in ka gan ta? Ta ce masu siririn kara maza ne, aikinsu su ba ƙudan zuma gari ya kai wa matan, kumburin nan kuwa shi ne kabewar. Ta ƙara da cewa da a asibitinsu nake wannan aikin da tuni an kira mini 'yan sanda. Na naɗe rezar a takarda na sa a aljihu.

Na jira wasu matan su fito, amma shukar ta riga ta gaji. Ganyen ya fara fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, sauran furannin duk maza. Na lissafa a raina cewa irin mahaifiyarki ya ƙare a hannuna, gwangwani ba komai, ƙasa ba komai. Kwana biyu ban fita bayan gida ba. A rana ta uku ungozomar ta ƙwanƙwasa katanga da muciya, ta ce in kwantar da hankalina, akwai guda a wajensu. Reshen da ya haura ya yi fure a inda hannuna ba ya kai, ƙudan zuma ya yi aikinsa, ga ta nan tana lilo a jikin bango ta kai kan jariri. Ashe tagwayen sun daɗe da sanin ta. Sun ɗaure ta da tsohon ɗankwalin uwarsu a jikin ƙusa don kada nauyi ya tsinke ta. Kullum kuma suna zuba ruwa a gindin katangar ta wajensu, a kan siminti, inda babu saiwa ko ɗaya.

Matsalar da ta taso ita ce su a wurinsu kabewar tasu ce. Malamarsu ta ce kowa ya kawo abin da ya shuka a gida ranar Litinin, su kuma sun gama shiri za su tsinke ta su kai. Ɗanyar kabewa ana cin ta, amma 'ya'yanta ba sa tsira. Sai wuyanta, wato karan da ke riƙe da ita, ya bushe ya yi tauri kamar itace, bawon ya ƙi farce, sannan irin yake cika. Wannan kam na sani, don na sha jin mahaifiyarki tana faɗa muku in kun matsa mata. Uwarsu ta ce in na ga dama za ta hana su da tsawa, magana ta ƙare. Na ce a'a, ni zan zo da kaina.

Daga ƙofata zuwa tasu taku arba'in da shida ne, na huta sau biyu. Rabona da shiga gidan wani tun zaman makoki. Aka ba ni kujera a tsakar gida, tagwayen suka tsaya a gaban kabewar sun harɗe hannu kamar masu gadin banki. Na ce musu saiwar tana gidana. Mai wushiryar ta ce ai kabewar tana gidansu, kuma da a gidana take da tuni na yanke ta da reza, mamansu ta faɗa musu. Na ce wannan gaskiya ne. Na ce na yi wa jikata alkawarinta. Ta ce jikar tawa ta taɓa ba ta ruwa? Na ce ba ta taɓa ba. Sai na bar gardama, na ciro gwangwanin daga aljihun riga na buɗe musu shi wayam, na faɗa musu na wane ne da yadda ya ƙare. Mai shirun ta karɓa ta shinshina ta ce yana ƙanshin shayi, sannan ta tambaya kwana nawa ake bukata. Na ce kamar mako huɗu. Suka koma gefe suka yi ƙus-ƙus, suka dawo da sharaɗi biyu: naman kabewar nasu ne duka, kuma ni zan rubuta wa malamarsu takarda da irin rubutun nan nawa mai kwanciya, in bayyana dalilin da za su je hannu wofi. Na rubuta. An ce malamar ta karanta wa aji, aka yi ta dariyar tsohon da ke aske wa kabewa ciki. Ban damu ba.

Mako huɗun ya zama biyar. Kusan kullum bayan makaranta sukan zo su ba ni rahoto, su ce wuyan bai bushe ba tukuna, su ci biskit ɗina su tafi. Na nuna musu inda saiwar take, suka koma zuba ruwan a nan. Ranar Asabar da ta wuce aka tsinke ta. Uwarsu ta fasa ta a kan teburin kicin ɗina, cikinta ja kamar yadda kika sani. Na wanke 'ya'yan na shanya a kan jarida a bakin tagar nan dai. Yatsuna ba sa bambance cikakkiyar ƙwaya da holoƙo yanzu, don haka su suka zauna suka tantance, suna latsawa ɗaya bayan ɗaya. An samu ɗari da goma sha huɗu masu kyau. Da yamma aka aiko mini da dafaffiya a kwano. Ɗanɗanon bai canja ba.

To, ki faɗa wa amaryata angonta ya gaza, kabewarta wasu sun cinye, kuma sun fi ta haƙƙi. Sarkin Ci kuma ya yi haƙuri, biyun da ya nema ko ɗaya bai samu ba. A cikin 'yar takardar da na naɗe a ambulan ɗin nan akwai ƙwaya ashirin. Kada ku shuka duka, ku rage rabi. Babban bokiti da aka huda ƙasansa ya isa, a sa taki, a ajiye inda rana take bugawa, ko a barandar bene ne. Su yaran su shuka da hannunsu, su ba da ruwa a gindi ba a kan ganye ba. In fure ya fito, ki sa su durƙusa su duba ƙarƙashinsa da kyau. Wanda suka ga yana da kumburi, su bar shi.

Sauran irin na zuba a gwangwanin na ba tagwayen, da marfinsa. Ba na jin gwiwar nan za ta sake durƙuso baɗi, kuma abu a hannun mutum ɗaya mai shekaruna ba ajiya ba ce. Ubansu ya yi alkawarin fasa musu simintin gindin katanga in ya dawo daga tafiya. Ungozomar ta ce in sun shuka ta wajensu, reshe zai hauro wajena, sai in zauna a kujerata in yi kallo, amma ta ce in ba ta rezar tukuna. Na ba ta.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce ina yi masa addu'a a kan aikin. Ki gaida amaryata da Sarkin Ci da Auta, wadda har yanzu a hoto kawai na san ta. In kin yi waya da gwaggonki ki ce ina nan. Tagwayen sun ce a gaida jikar da ba ta ba da ruwa, wai in tata ta fito ta aiko musu da hoto su gani ko ta kai tasu.

Allah ya yi muku albarka.

Ni ne,
Mahaifinki.