Kwamfutar da Ba Ta Kwana da Magana

Zuwa ga ƙanena,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan kowa kalau, Autarmu da mijinta ma haka, sai jikin Baba da yake yau sauƙi gobe kwanciya.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne tsohuwar kwamfutar da ka bari a ɗakin Baba. Faifanta na ciki ya fara ƙara kamar keken ɗinkin da ba a sa wa mai ba, sai mijin Auta, da yake gyaran kwamfuta ne sana'arsa, ya cire shi. Ya dawo ya soka mata wata 'yar ma'ajiya da suke kira filashi, wadda ba ta kai ɗan yatsana ba, wai ya kwafe faifan gaba ɗaya ya matse a ciki. Wai kwamfutar ba ta kwance ƙunshin duka, iya abin da aka nema take warwarewa nan take. Ni dai ban taɓa ganin an juye tulu cikin moɗa ba. Na tambayi tsohon faifan, ya ce ya mutu. Na ce a nuna mini gawar, ya yi dariya ya sauya zance.

Ba zan yi masa ƙazafi ba, hotunan marigayiya Mama duk suna nan. Amma Baba ya ce yana da magana da kai, kuma ka san kunnensa da waya ba sa shiri. Na zaunar da shi gaban kwamfutar, na kunna naɗar murya, ya ce in fita. Ya daɗe yana magana. Washegari na duba, ko sama ko ƙasa. Muka sake, aka maimaita. Kuma duk ranakun mijin Auta ya shigo gaishe shi. Ka ga biri ya yi kama da mutum.

Da na tare shi sai ya hau rantsuwa, wai matsattsen faifai karantawa kawai ake yi, ba a rubutu a kansa, duk sabon abin da aka ajiye, da an kashe kwamfutar ya tafi. Wai ya ce wa Auta ta gaya mini, ita kuma ta ce ba ta tuna ba. Wataƙila gaskiyarsa ne, amma hankalina bai kwanta ba, tunda ban san a kan wa Baba ya yi maganar ba.

Jiya mijin Auta ya kawo wani filashin na ajiya, Baba ya kau da kai. Ya ce ba zai ƙara ba da amana ga abin da ba ya kwana da magana ba. Numfashinsa ya ragu sosai, kuma wallahi tsoro nake ji.

Ka gaida matarka da yara. Gwaggo da Kawu suna gaishe ka. Maganar nan yanzu ba ta ko'ina sai bakin Baba, ka zo ka karɓa tun tana nan.

Taka har kullum,
Yayarka