Kaset ɗin da Na Ɗinke Cikin Ƙunshi

Damagaram, unguwar Birni,
cikin bazarar 1985.

Zuwa ga yayana Malam Alkasum, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ta ƙane ga wansa, da ban girma da kewa mai yawa. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Rakiya da yara duka. Allah ya sa albarka a neman da kake yi a ƙasar mutane, ya tsare ka daga zazzaɓin kurmi, ya maido mana kai muna raye. Mu nan lafiya, sai zafi da halin da ka riga ka sani. Inna Hajjo tana wurina tun da aka share rumbun ƙauyenmu Gidimuni. Kumburin ƙafarta ya yi sauƙi, tana cin tuwon jar dawar taimako tana yi masa tsiya, wai ko akuyarta ba ta taɓa ba irinsa ba. Kawu Gana ya ƙi barin ƙauye, yana can yana bin tafki da masaki, ruwan na ja baya shi kuma yana matsar da lambunsa. Matata Barira kullum tana layin famfo. Ni kuwa keken ɗinkina ya manta da sabon yadi, sai faci da rage wuyan riga, don kowa ya rame.

Yaya, kafin in je ko'ina, ga roƙona. In wani ƙunshi na farin ƙyalle ya riga takardar nan isowa, kuma ba ka kai ga saka kaset ɗin da ke ciki ba, don Allah ka dakata sai ka gama karatu. In kuwa ka riga ka ji shi, to na san ranka a ɓace yake, amma ka daure ka karanta har ƙarshe. Ka yi haƙuri da rubutun.

Ga yadda aka yi. Inna ce ta ce ta gaji da aika maka magana ta bakin bik, wato alƙalami, wani ya rubuta wani ya karanta, tana so ka ji muryarta da kunnenka. Na je kasuwar Dole na sayo kaset sababbi guda biyu, iri ɗaya launi ɗaya, don haka ake sayar da su a haɗe. Ta zauna gaban rediyona ta gyara kallabi sai ka ce za ka gan ta, ta yi ta magana har gefe ɗaya ya cika. Na haɗa kaset ɗin da dabinon Gidimuni da ɗan yaji da hular da na yi maka, na naɗe cikin farin ƙyalle na bi shi da keke layi biyu. Ko ɗinkin angwaye ban taɓa yi wa irin wannan kyau ba, na kuwa yi da na sani.

Ba ka san yadda laposti, gidan aika wasiƙu, ta koma a bana ba. Duk wanda ke da ɗa ko miji a kurmi ko Libiya yana can tun da safe, mata da tsofaffi zaune a inuwar bango suna jiran a ce an aiko. Zuwana na farko na bi layi har na kai ga ɗora gwiwar hannu a kan gishe, wato 'yar tagar da ake karɓar kaya, sai mutumin ya dubi agogo ya jawo katako ya rufe a kan hancina. Da na koma, ya juya ƙunshin ya yaba ɗinkin, sannan ya ce ai ba a ɗinkewa sai an ga abin da ke ciki. Na ari reza na farke aikina da hannuna a gaban jama'a. Ya ɗora a sikeli ya ce ya yi nauyi, na rage dabino na raba wa tsofaffin da ke bayana, su kaɗai suka ji daɗin ranar. Sai kuma ya ce tunda ƙasar waje za shi, dole mutumin duwan, wato kwastan, ya duba, mutumin duwan kuwa ya tafi wajen rabon hatsi. Da na same shi a wani zuwan, bai damu da yaji ko hula ba, kaset ɗin ya ɗaga sama ya ce shi ba ya sa hannu a kan maganar da bai ji ba, in zo da rediyo. Ran Asabar na zo da rediyon a kafaɗa, na tarar ranar rabin wuni suke yi. Na tsaya a bakin ƙofa ina ta masifa ni kaɗai, har wata mai ƙosai ta ce in zauna in sha ruwa.

Daga nan ne zancen ya shafi Idirisu, ɗanka da ka bar mini amana. Ban manta da abin da ka faɗa a tasha ranar tafiyarka ba. Ka ce gidanmu gidan fatauci ne da allura, ba a taɓa maroƙi a cikinmu ba, kuma in ka ƙara jin ya taɓa jita za ka cire shi daga lakwal, ya bar karatun boko, a ɗora shi a motar goro ya zo ya yi dako a bakin teku. Na san ba ka faɗin magana ka janye. To, Yaya, yaron yana kiɗa. Su huɗu ne, duk 'yan makaranta in ban da ɗaya bakanike. Ba su da ubangida, ba sa cikin ƙungiyar samariya ta gwamnati, ba mai gayyatarsu biki. Ran Asabar bayan la'asar suke taruwa a wani tsohon siton gyaɗa da ke bayan Zango, wanda ya zama kango tun da gyaɗa ta daina yi, shi ya sa ake ce musu 'Yan Sito. Jita biyu gare su, ɗaya ma wayar birkin keke ce a jikinta, sai kalangu da rabin tano, wato duro, da suka rufe da fata. Batirin mota ke ba su wuta, in ya yi sanyi sai muryar ta shaƙe, jama'a su cike da tafi. Ana kiran magariba suke nannaɗe wayoyinsu.

Ranar da na fara zuwa can, da niyyar in jawo shi da kunne na tafi. Na tsaya a bayan mutane ina jira waƙar ta ƙare, don kada in kunyata shi a tsakiyarta. Ta ƙare suka shiga wata, na ce to bari wannan ma ta wuce. Tun daga ranar ban fasa zuwa ba. Ka yi mini dariya in ka ga dama, ni da furfura ta fara fito mini a gemu ina zaune kan buhu tsakanin 'yan lise, wato ɗaliban babbar sakandare, da masu tura ruwa ina kaɗa kai. Amma duk mako ba ni da wata sa'a da nake manta kuɗin hatsi da kumburin ƙafar Inna sai wannan. Kuma wallahi ba roƙo suke yi ba. Ba su taɓa kiran sunan wani mai kuɗi ba, ba su wasa kowa, ba a yi musu liƙi. Waƙoƙinsu su suke tsara abinsu, a kan tafkin da ke ƙafewa, da layin famfo, da mutanen arewa da suka sauka a bayan gari ba ko tunkiya. Akwai wadda Idirisu ke yi a kan mutumin da ya tafi kurmi ya bar hularsa rataye a ƙusa, 'ya'yansa na kakkaɓe mata ƙura. Bai ambaci suna ba. In ya fara ta, siton kan yi tsit, na ga ƙatti suna sunkuyar da kai.

To ran Asabar ɗin nan da aka rufe mini ƙofa, ga rediyo a kafaɗata, ga ɗaya kaset ɗin sabo a aljihu, raina kuma a ɓace, sai na zarce siton. Na cire na Inna na adana, na saka sabon na ɗauki wasan tun daga fari har ƙarshe, don in riƙa ji a shago in na rufe ƙofa. Ran Litinin na koma laposti da kaset biyu, babu wanda na yi wa alama. Na saka na Inna a gaban mutumin duwan. Ya ji tsohuwa tana lissafa shanun da suka mutu tana share hanci, bai kai ko'ina ba ya ce in kashe, Allah ya ba ta lafiya, ya buga hatiminsa. Sai na gishe ya leƙo ya ce in yi maza, ana ɗaure buhu, mota za ta tashi. Na durƙusa a baranda, ƙunshi a kan gwiwa, allura a baki, mutane na tsallake ni. Na zura hannu a aljihu na ɗauko kaset na cusa, na ɗinke da hannu, na liƙa tambur, wato kan sarki, na miƙa. Har godiya na yi masa, na taho gida ina jin kamar an sauke mini dutse.

Da na isa shago na ce bari in saka wa kaina waƙa in huce. Na danna, sai muryar Inna ta fito tana cewa a gaida Rakiya. Yaya, nan take na gane abin da na yi. Nata yana cikin rediyon tun a gaban mutumin duwan, ban taɓa fitar da shi ba. Na bar shagon a buɗe na koma da gudu, takalmi ɗaya ya tsinke a hanya. Na gishe ya saurare ni, wannan karon har da tausayi, ya ce buhu ya tafi, abin da ya shiga buhu kuwa ko shi ba shi da iko da shi. Shawarar da ya ba ni ita ce in rubuta takarda ta jirgi, wataƙila ta wuce ƙunshin a hanya, wataƙila kuma a'a. Na tambaye shi wanne ya fi yawa, ya ce shi ma bai sani ba.

Ba zan ce maka ba muryar Idirisu ba ce, za ka gane ta tun a baitin farko, irin ta marigayiya mahaifiyarsa Balki ce. Wanda kuma za ka ji kusa da rediyon yana ta kururuwar a sake, a sake, ni ne. Saboda haka in akwai wanda za a ɗora a motar goro, ni ya kamata a fara ɗorawa. Da yamma na tara mutanen gidan na faɗa musu. Barira ta ce dama ta san wannan yawon Asabar ɗin zai jawo mana magana. Inna kuwa dariya ta yi, irin wadda ban ji ta yi ba tun zuwanta Birni. Ta ce ita ta daɗe da sani, tun da ta ga kan yatsunsa sun yi kanta, ga shi alƙalami ba ya yin haka. Ta ce in gaya maka in ka gama ji kada ka fasa kaset ɗin, ka maido mata, don ƙafarta ba za ta kai ta siton ba, shi kuma ya ƙi yi mata waƙa a gida.

Idirisu ya saurare ni har ƙarshe. Ya tashi ya mayar wa bakaniken jitarsa, ya dawo ya wanke kayansa da ɗan ruwan da ya rage, ya ninke su cikin jaka ya ajiye a bakin ƙofar ɗaki. Littattafansa kuma ya jera su daban, ya ce wa Barira a ba ɗan maƙwabta in ya tafi. Tuwon dare bai taɓa ba, na safe ma haka. Wannan shirin tafiya nasa ya fi komai tayar mini da hankali.

Yaya, jarrabawar brebe farkon damina ce, malamansa sun ce yana cikin na gaba a ajinsu, kiɗan bai rage masa komai ba. Shi ke bin layin hatsi tun asuba kafin ya tafi lakwal, shi ke ɗora Inna a keke ya kai ta asibiti. Ban ce ka so abin da ba ka so ba, kai ne uba, maganarka ce a sama. Abin da nake roƙo, ka ji kaset ɗin har ƙarshe kai kaɗai, ba a gaban abokan kasuwa ba, sannan ka yanke. In ka ce ya bari, ni zan tsaya a kansa ya bari, ni ma in daina zuwa, ko da yake Allah ya sani zan ji zafin hakan. Amma ka bar shi ya zauna jarrabawarsa. Kuma kowace irin amsa ce, ka aiko da ita da wuri, ko mai ɗaci ce. Kada ka biyo da ita ta akwatin laposti, ka ba Yusufu direban goro ya kawo mini hannu da hannu. Na Inna ma shi zan ba in ya juyo, ni da gishen nan sai dole.

Ka gaida Rakiya da kyau, da Zainabu da ƙaramin Kolo, da duk mutanen Damagaram da ke zaune kusa da ku. Inna tana sa maka albarka. Barira tana gaishe ka, Kawu Gana ma ya aiko da tasa gaisuwar ta bakin masu zuwa kasuwa. Na tambayi Idirisu ko in sa tasa a ciki. Ya ce in bari tukuna, sai ya ji ko har yanzu kana karɓar gaisuwarsa.

Allah ya sanyaya zuciyarka, ya ba mu damina mai albarka.

Ƙanenka mai jiran amsarka,
Tanimu tela.